SOKEWA DABAN, SHAFEWA DABAN

Maganar da muka zo da ita yau a ido ƙarama ce, amma ta sha hana manyan ma'aikata barci daga Yamai har Damagaram: maganar takardar da aka goge cikin kwamfuta, da manhajojin da aka ƙera domin maido da ita. A ganinmu, waɗannan manhajoji alheri ne ga wanda ya san iyakarsu, kuma rami ne ga ma'aikatar da ta jingina da su ta bar ajiye kwafi. Za mu fara da abin da ya same mu mu da kanmu.

A bazarar da ta wuce an ba mu aikin fassara wani ɗan littafi na gargaɗin manoma, mai shafi 80, daga Faransanci zuwa Hausa. Mako uku muka yi a kansa. Aikin duka yana cikin kilen USB guda, wanda muke musaya da ƴar'uwar da ke shirya mana shafuka. Ranar wata Alhamis da la'asar ta shigo biro jikinta a sanyaye, ta ce: "Malam, na yi ɓarna. Na so in rage kaya cikin kile don in sa hotunan taro, sai na haɗa da dosiyenka." Muka buɗe kwandon shara na kwamfuta, babu kome, domin a tsarin Windows abin da aka goge daga kile ba ya bi ta kwando. Ranar Litinin kuwa za a miƙa aikin ga maɗaba'a. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Wanda ya ajiye wahalar mako uku wuri guda, shi ya fara ɓarnar.

Aka kira saurayin da ke kula da injunan ma'aikata. Maganarsa ta farko ita ce: "Malam, a zare kilen nan, kada a ƙara rubuta masa ko da harafi guda." Ya kai shi ga wata kwamfuta, ya bincike shi da manhajar da ake kira PhotoRec. Kafin magariba littafin ya dawo, amma bai dawo shi kaɗai ba. Tare da shi muka ga hotunan sunan ɗan wannan baiwar Allah waɗanda ta goge tun bara, da hoton katin shaidar wani dattijo da ya riga ya bar aiki, da takardar albashin mutum 12 wadda babu wanda ya tuna ranar da ta shiga kilen. Murnarmu ta gauraya da tsoro, domin kilen nan ya sha zuwa shagon buga takardu na kasuwa, ya sha kwana cikin aljihun planto. Duk wanda ya riƙe shi na awa guda yana iya ganin abin da muka gani.

Abin da ke faruwa idan an goge

Aikinmu auna kalmomi ne, saboda haka a yi mana haƙuri mu tsaya bisa kalma. Kwamfuta takan tambaye mu da Faransanci ko muna son mu yi "supprimer", mu kuwa mun saba da cewa "goge". Kalmar tana ruɗin mu. Bahaushe in ya ce goge, abin da ke zuwa ransa shi ne tsumma bisa baƙin allo: an shafa, alli ya tafi. Abin da kwamfuta ke yi ya fi kusa da sokewa.

Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san rajistar kiran suna. Idan malami ya ja layi bisa sunan yaro, sunan ya fita daga lissafi, amma yaron yana nan zaune bisa benci har ranar da aka kawo wani aka zaunar a wurinsa. Haka faifan ajiyar kwamfuta yake. Yana da rajista inda aka rubuta sunan kowane fayil da wurin da yake kwance, yana kuma da fili inda fayil ɗin kansa yake. Idan aka goge, rajista kaɗai ake taɓawa: a sa alamar cewa wuri kaza ya zama fanko, mai so ya shiga. Rubutun yana nan daram sai wani sabon rubutu ya hau kansa. Wannan ba sakaci ba ne na maƙeran inji. Sokewa cikin rajista ƙiftawar ido ce, alhali bin fili ana shafewa yana cin lokaci mai yawa.

A tsohon tsarin da ake kira FAT, wanda har yanzu danginsa ke cikin yawancin kile da katin ajiya na salula, harafin farko na sunan fayil ake musanyawa da wata alama. Shi ya sa tun 1982 wani Ba'amurke mai suna Peter Norton ya fitar da manhajar UNERASE, wadda ke tambayar mutum harafin da ya ɓace ta maido masa da takardarsa. Kwandon shara, wanda ke ba mutum damar sake tunani, ya bayyana cikin injin Lisa na kamfanin Apple a 1983, ya shiga Windows a 1995. Sana'ar maido da abin da aka goge ta haura shekara 40 ke nan, amma har gobe da yawa daga cikin masu riƙe da takardun hukuma ba su san da ita ba.

Manhajojin nan iri biyu ne. Iri na farko rajista yake karantawa, ya nemo sunayen da aka soke, ya duba ko wurinsu bai samu sabon mai shi ba. Cikinsu akwai Recuva, wadda kamfanin Piriform na Ingila ya fitar a 2007, da TestDisk wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya soma a 1998, da Windows File Recovery wadda kamfanin Microsoft ya fitar kyauta a 2020. In sun dace, takarda takan dawo da sunanta da dosiyenta. Iri na biyu ba ruwansa da rajista: benci-benci yake bi yana gane yara ta fuska. Kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi. Takardar PDF, alal misali, da haruffan %PDF take buɗewa, hoton JPEG shi ma yana da nasa. PhotoRec, wadda ita ma aikin Grenier ce kuma kyauta ce, ta san ɗaruruwan irin waɗannan tambura. Ita ce ke aiki ko rajista ta lalace, sai dai takardun suna dawowa babu suna, lambobi kawai. Mu da kanmu sai da muka buɗe kwafi 6 na littafin nan ɗaya bayan ɗaya kafin mu gane na ƙarshe. Idan kuma fayil a warwatse yake cikin faifai, kai nan ƙafa can, yakan dawo a gutsure.

Haka zancen yake ga abin da ma'aikatanmu ke kira formataj. Na gaggawa, wanda ke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi, sabuwar rajista ce kawai aka buɗe, yara suna nan cikin aji. Cikakke kuwa, tun daga Windows Vista ta 2007, yana bin faifai yana rubuta sifiri a ko'ina, kuma abin da ya bi ta kansa ya tafi ke nan.

Ga wanda tsautsayi ya faɗa wa

Daga wannan bayani ƙa'idodin suke fitowa, kuma ba su da yawa. Na farko, a tsaya. Duk abin da aka ƙara rubutawa bisa faifan, ko hoto guda ne, yana iya hawa kan takardar da ake nema. In cikin kile ne ko katin ajiya, a zare shi. In cikin kwamfutar ce kanta, a kashe ta, domin ko ba a taɓa ta ba tana rubuce-rubucenta a ɓoye, balle in tana bisa intanet. Na biyu, kada a sauke manhajar ceto bisa faifan da ake son ceta. Mutane da yawa da hannunsu suka binne takardarsu ta wannan hanya. Na uku, abin da aka ceto a zuba shi cikin wani faifai daban. Na huɗu, in takardar mai nauyi ce ƙwarai, gwani yakan fara ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, ya yi bincikensa bisa hoton, ya bar na asali ya huta.

Kafin a ta da hankali kuma, a tabbata cewa gogewar aka yi. Akwai wata cutar kwamfuta da ta addabi ma'aikatunmu da shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye dosiyoyin cikin kile ta bar gumakansu na ƙarya a fili. Mai kile sai ya ɗauka kome ya tafi, ya yi formataj don haushi, alhali takardunsa suna nan, lulluɓe su kawai aka yi. Ana gane haka in an duba nauyin kilen aka ga bai ragu ba. Akwai kuma akasin wannan: kilen jabu na kasuwa, wanda aka rubuta masa babban adadi a jiki amma cikinsa ƙarami ne. Yakan karɓi kaya yana nuna kamar ya ajiye, alhali abin da ya wuce ƙarfinsa bai taɓa zama ba. Wannan babu manhajar da za ta maido, domin ba a ɗebo ruwa daga tulun da ba a zuba ba.

Muna ƙara jan kunne bisa manhajojin da ake tallatawa cikin intanet. Wasu sukan nuna wa mutum sunayen takardunsa kyauta, sa'an nan su ce sai ya biya kafin su sake su. Wanda ya gudu daga biya ya sauko da ta sata kuwa, sau da yawa cuta yake shigowa da ita gida. Waɗanda muka ambata a sama ana samun su kyauta daga masu su, kuma sun isa ga yawancin bukatunmu.

Inda manhaja ke gazawa

Abin da ya kamata magabatan ma'aikatu su sani shi ne, ƙofar cetowa tana ƙara ƙuncewa. Tsohon faifai mai juyawa yana barin yaro bisa benci sai an kawo wani. Sabon faifan da ake kira SSD, wanda ke cikin yawancin kwamfutocin hannu na yanzu, ba ya jira. Akwai wani umarni mai suna TRIM, wanda Windows ta soma aiki da shi tun fitowar Windows 7 a 2009: da zarar an zubar da kwandon shara, kwamfuta takan shaida wa faifan cewa wuri kaza ba a bukatarsa, shi kuwa ya share shi da kansa don ya shirya wa sabon rubutu. Bayan haka, galibi ko gwani ba ya samun kome. Wayoyin salula na zamani su ma haka: abin da ke cikinsu a kulle yake da mabuɗin sirri, kuma hoton da ya wuce wa'adinsa cikin kwandon wayar da wuya ya dawo. Ma'aikacin da ya saba jin cewa "ai ana maidowa" yana dogara ne da labarin injin jiya.

Sa'an nan ga faifan da ya samu rauni a jikinsa. Faifai mai juyawa yana zagaye sau 5400 ko 7200 cikin minti guda, kuma allurar da ke karanta shi tana shawagi bisa kansa da tazarar da ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu, da ɗaukewar wuta ba zato, da faɗuwa daga bisa tebur, duka abokan gabansa ne. In ya soma ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, a kashe shi nan take, domin kowane zagaye yana iya ƙara kankare rubutun. Kada a buɗe shi da sukurdireba a bakin kasuwa, kada a sa shi cikin firiji kamar yadda wasu ke ba da shawara. Irin wannan aiki sai ɗaki na musamman da aka tace iskarsa. Gaskiya ne gwanaye suna yin abin mamaki: lokacin da kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairu 2003, an tsinci wani faifai a ƙone a jihar Texas, kuma kamfanin Kroll Ontrack ya ceto kashi 99 cikin 100 na abin da ke ciki. Amma wannan aikin masu hannu da shuni ne a ƙasa mai nisa. Magatakardan wata ƙaramar hukuma cikin jahar Tawa ba zai aika faifansa can ba.

Haka nan ƴan fashin intanet masu kulle takardun mutum su nemi fansa. Takardun suna nan, ba a goge su ba, amma an mai da su rubutun da ba ya karantuwa, kuma manhajar ceto ba ta da mabuɗinsu.

Abin da muka soke, wani na iya karantawa

Yanzu mu koma ga tsoron da ya kama mu ranar Alhamis ɗin nan. Manhajar da ta maido mana da littafinmu ba ta tambayi ko mu ne masu shi ba. Haka za ta yi wa ɓarawo aiki, da zuciya ɗaya.

An gwada wannan tun da daɗewa. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka ba da sakamakon wani bincike: sun sayi tsofaffin faifai 158 na gwanjo, 129 daga ciki suna aiki, amma 12 kaɗai aka shafe yadda ya kamata. Cikin sauran sun samu lambobin katin banki fiye da 5000, da takardun likita, da wasiƙun mutane. A 2009 kuma wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi faifai a kasuwar Tema ta ƙasar Gana bisa dalar Amurka 40, suka tarar da takardun kwangila tsakanin kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka. Idan asirin babbar ƙasa ya kwana a rumfar kasuwa a nan yammacin Afirka, ina ga namu?

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibanmu da ƴan kasuwarmu na hannu ne, sun ƙetaro teku bayan wasu sun gama da su. Namu na ma'aikatu su ma in sun tsufa akan yi gwanjonsu, ko a ba wani ɗan'uwa, ko a jibge su cikin ɗakin ajiya babu mai lissafi. Cikinsu akwai sunayen marasa lafiya da cututtukansu, da jarrabawar da ba a yi ba tukuna, da takardun filaye, da albashin ma'aikata. Wanda ya yi musu formataj na gaggawa ya ce ya wanke, kansa ya ruɗa. A gidaje kuma, mata da ƴan mata nawa ne suka kai salula gyara da katin ajiya a ciki, suna tsammanin hoton da suka goge ya tafi? Ba muna zargin masu gyara ba ne. Yawancinsu samari ne masu neman halak ɗinsu, kuma sun fitar da mutane da yawa daga kunya. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mutuncin ɗiyar mutane ya fi ƙarfin a bar shi ga sa'a.

Ƙasarmu ba ta rasa doka ba. Tun 2017 aka kafa dokar kare bayanan da suka shafi mutum, aka sabunta ta a 2022, aka kuma ɗora wa hukumar HAPDP nauyin sa ido. Ma'aikatar da ta karɓi sunan ɗan ƙasa da asirinsa amana ta karɓa, kuma amanar ba ta ƙarewa ranar da injin ya tsufa. Shafewa ta gaskiya ba ta da wuya. Ga faifai mai juyawa, a bi shi da sabon rubutu daga farko har ƙarshe. A da ana cewa sai an maimaita sau 35, bisa wata hanya da Peter Gutmann ya bayyana a 1996, amma hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta nuna tun 2006 cewa sau guda ya isa ga faifan zamani. Ga SSD, a yi amfani da umarnin shafewa da maƙeransa suka sa masa. Faifan da ya riƙe babban asiri kuwa, a huda shi ko a farfasa, a rubuta ranar cikin littafi, shaidu su sa hannu.

Wannan ilimi yana da wani amfani ga ƙasa. Ma'aikacin da ya ci amana yana tsammanin maɓalli guda zai share sawunsa, ya sake tunani. A watan Nuwamba 1986, lokacin badaƙalar sayar wa Iran makamai a asirce, Oliver North da John Poindexter na fadar shugaban Amurka sun goge saƙonninsu daga kwamfuta, amma kwafinsu yana bisa kaset ɗin ajiya, kuma masu bincike suka karanta su. Ya kamata alƙalanmu da masu binciken dukiyar ƙasa su samu ƙwararrun da suka san wannan aiki.

Rumbu ɗaya ba ya tsare gida

Duk da haka, maganin ɓatan takarda ba ya cikin manhaja. A 1998 wani umarni da aka buga bisa kuskure a kamfanin Pixar ya goge kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin Toy Story 2, aka juya ga ajiyar kamfanin aka tarar ta daɗe da lalacewa babu wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi cikin injinta. Ƙasar Koriya ta Kudu ba ta yi wannan sa'a ba. Ranar 26 ga Satumba 2025 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanan gwamnati da ke birnin Daejeon, ta cinye ma'ajiyar da ma'aikatan hukuma ke zuba takardunsu, mai nauyin terabayit 858, wadda ba a yi wa kwafi ba saboda an ce ta cika girma. Ƙasar da ke ƙera wa duniya faifan ajiya ke nan. Abin da ya gaza a wurinsu tsari ne, ba inji ba.

Masana sun taƙaita tsarin cikin lambobi uku, 3-2-1: kwafi 3 na kowace takarda mai muhimmanci, bisa ma'aji iri 2, guda 1 kuwa a wani gini daban. Manomi ya riga su sani. Ba ya zuba irin shuka da hatsin ci cikin rumbu guda, kuma yakan ajiye wani damin a gidan ɗan'uwa saboda gobara. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun nuna mana cewa ruwa ba ya tambayar ko gini na hukuma ne. Labarin Pixar ya ƙara mana darasi guda: kwafin da ba a taɓa buɗewa an gwada ba, ba a san ko kwafi ne ba.

Mun san abin da wasu za su ce: kasafin ma'aikata bai kai ba. Amsarmu ita ce, kuɗin faifan ajiya na waje guda bai kai na man motar aiki daga Yamai zuwa Damagaram da dawowa ba, kuma bai kai kuɗin sake aikin wata guda ba. Wasu za su ce a zuba kome cikin ma'ajiyar intanet ta manyan kamfanonin waje. Ga hotunan iyali da takardun ɗalibi wannan hanya ce mai kyau, muddin an riƙe kalmar sirri. Ga takardun ƙasa kuwa, tilas hukuma ta fara tantance abin da ya halatta ya kwana a hannun baƙi da abin da bai halatta ba, kuma layin intanet ɗinmu ba kullum yake tsaye ba. Wasu kuma za su ce ai ga saurayin injuna nan, in an ɓata zai gyara. To, ranar Alhamis ɗin nan da ƴar'uwarmu ta riga ta zuba hotunan taron kafin ta lura, da gwanintarsa ba ta amfane mu da kome ba. Tsakaninmu da hasarar mako uku, minti biyar ne.

Saboda haka muna kira ga magabatan ma'aikatu, da na jahohi da ƙananan hukumomi, da shugabannin makarantu da gidajen likita, su mai da wannan al'amari doka rubutacciya maimakon dabarar mutum guda. A sa ranar ɗaukar kwafi kowane mako, a san wanda nauyin ke wuyansa, a gwada kwafin kowane wata. A hana fitar da kwamfuta ko faifai daga ma'aikata, ko gwanjo ko kyauta, sai da takardar shaidar an shafe shi. A raba kilen aiki da kilen gida. A liƙa ƙa'idar "tsaya, zare, kira gwani" kusa da kowane inji, cikin Faransanci da harsunan ƙasa, domin yawancin ɓarna tana faruwa ne cikin minti goma na farko, lokacin da mai kuskure ke ƙoƙarin ɓoye kuskurensa. Shugaban da ke zagin ƙaramin ma'aikaci bisa kuskure, shi ke koya masa yin shiru, kuma shirun nan ne ke binne takarda. Ƴar'uwarmu da ta zo ta faɗi gaskiya nan take, ita ta fara ceton littafin kafin PhotoRec.

Makarantun horon malamai da na koyon aikin biro su ma su sa wannan cikin darasi. Awa biyu sun isa a nuna wa ɗalibi da idonsa hoton da ya goge yana dawowa. Wanda ya ga haka sau guda ba zai ƙara miƙa katin ajiyarsa ga kowa ba tare da tunani ba.

Ku kuma ƴan uwa masu karatu, kada ku jira sanarwa daga sama. Yau da dare ku duba takardar da in ta ɓace za ku yi kuka, ku yi mata kwafi. Ku cire katin ajiya kafin ku ba da salula gyara. Ku tuna cewa da na sani ƙeya ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin manoman nan ya fito, yana hannun masu shi. Kwafinsa uku ne yanzu, guda yana gidanmu cikin akwati. Kilen kuwa mun shafe shi daga farko har ƙarshe kafin ya sake fita daga biro.

Allah ya tsare mana amanar da aka ba mu, ya sa mu dace.